Ta wace ƙofa ake shiga aikin kula da ɗalibai a jami'a?

Tambaya: Na gama digiri a ilimin zamantakewa, yanzu ina hidimar ƙasa. Burina in yi aiki a Sashen Harkokin Ɗalibai na jami'a, har wata rana in shugabance shi. Me ya kamata in fara?

Amsa: Ƙanwata, na ji daɗin tambayar nan, don da wuya ka ga matashin da ya zaɓi wannan aiki da kansa. Galibi turo mutum ake yi.

Da farko ki san cewa a jami'o'in Najeriya, kujerar Din na harkokin ɗalibai, wato shugaban sashen, ta malamai ce. Shugaban jami'a ne ke ɗauko malami mai koyarwa ya ɗora shi na wani wa'adi. In ita kike hange, sai ki koma karatu har digiri na uku, ki shiga koyarwa. A Amurka ne ake da digiri na biyu na musamman kan wannan fanni, mutum ya yi rayuwarsa a ciki. Mu nan ƙofofi biyu ne.

Ta farko ofishin magatakarda. Ana ɗaukar mai digiri, yawanci aƙalla 2:2 (daraja ta biyu, mataki na ƙasa), da takardar kammala hidimar ƙasa, a matsayin jami'in mulki, ya hau a hankali har mataimakin magatakarda. Sai dai yau kina harkokin ɗalibai, gobe a mayar da ke sashen jarrabawa. Ƙofa ta biyu ita ce ba da shawara da jagoranci. Ki yi babbar difloma ko digiri na biyu a fannin, ki shiga CASSON, ƙungiyar masu ba da shawara ta Najeriya. Mai wannan takarda ba a cika ɗaga ta daga kusa da ɗalibai ba, kuma wannan ƙofar nake ba ki shawara ki bi.

Amma takarda ba ta koyar da abin da ake gani a farkon zango. Gado kaɗan, masu nema ninkin-ba-ninki. Na taɓa zama da yarinya 'yar aji ɗaya, jakarta a kan cinya, ta kwana uku a masallacin mata don ba ta san kowa a garin ba. Ana cikin haka aka miƙo mini 'yar takarda daga wani babba, a ba 'yarsa ɗaki. Ranar da kika ɗauke gadon waccan kika ba wannan, kafin magariba hostal ya ji, kuma ba ɗalibin da zai ƙara kawo miki kukansa. Alhali kukan nan shi ne aikin. Zanga-zangar ɗalibai ta 1978, wadda ta ci rayuka har a Zariya, ƙarin kwabo 50 a kuɗin abinci ne ya tayar da ita. Famfon da ya kwana biyar ba ruwa, ko wutar da ta ɗauke a makon jarrabawa, jami'in kirki yakan ji gunaguninsu tun kafin su zama taro a bakin get.

Don haka ki fara tun yanzu. In makaranta aka tura ki, ki roƙi a haɗa ki da mai kula da ɗakunan kwana. Ki koyi rubuta rahoton taro da wasiƙar ofis, ki ƙware a Excel, don jerin sunayen masu tafiya hidimar ƙasa ta wannan sashe yake bi, kuma kuskuren harafi ɗaya kan sa yaro ya rasa rukuninsa. Ki karanta dokokin NELFUND, asusun lamunin ɗalibai da ya fara aiki a 2024, don tambayarsa ba ta yankewa.

Ki kuma shirya mutanen gida. Wayarki za ta yi ƙara ƙarfe biyun dare a ce ɗaliba ta suma, kuma ke za ki bi ta asibiti, ke za ki kira mahaifiyarta.