Batirin Waya Ya Kumbura, Na Sola Ya Yi Tsada: Amsoshin Tambayoyinku

Assalamu alaikum. Saƙonnin wannan mako kusan duk a kan batir suka taru, shi ya sa na haɗa su wuri ɗaya.

Tambaya: Wata baiwar Allah daga Gusau ta ce bayan wayarta ya ɗago har murfin ya fara rabuwa, amma wayar tana aiki lafiya. Ko za ta iya ci gaba da amfani da ita?

Amsa: Hajiya, don Allah ki daina saka ta a caji tun yau. Batirin ne ya kumbura, kuma abin da ya kumbura shi iskar gas ce da ruwan sinadarin ciki ke fitarwa idan ya fara lalacewa. A cikin batirin litiyam akwai falle biyu da aka naɗe tare, da wata 'yar leda a tsakaninsu wadda ba ta kai kaurin gashin kai ba. Muddin ledar nan ta huje, fallayen suka taɓa juna, zafi zai tashi nan take, ruwan sinadarin kuma mai kama wuta ne. Da zarar ya kama, zafin ne ke ƙara hura kansa, shi ya sa wutar batir ke da wuyar kashewa. Abin da ya faru da Galaxy Note 7 ke nan a 2016, lokacin da Samsung ya janye wayoyi kusan miliyan 2.5, daga baya ya daina ƙera ta baki ɗaya.

Kada ki danna murfin don ya koma, kada a soka wa batirin allura wai don iskar ta fita. Ki kashe wayar, ki ajiye ta a kan siminti nesa da katifa da labule, sannan a kai ta a canza batir. In ta fara hayaƙi, a fitar da yara daga ɗakin, hayaƙin guba ne.

Babban abin da ke kashe mana batir a nan shi ne zafi. Kamfanin Apple ya ce kada zafin wurin da ake amfani da waya ya wuce digiri 35, mu kuwa a Sakkwato ko Maiduguri watan Afrilu yakan haura 40. Sai ka ga an jibge wayoyi a shagon caji ƙarƙashin kwano da tsakar rana, ko an tura waya ƙarƙashin filo tana caji har gari ya waye. Wannan yana damuna ƙwarai, domin cikin dare ne mutum ba ya jin ƙauri da wuri.

Tambaya: Wani bawan Allah daga Damagaram zai haɗa sola a gida. Batirin litiyam zai saya, ko batirin ruwa irin wanda aka saba?

Amsa: Alhaji, in aljihu zai ɗauka, litiyam, amma wanda aka rubuta LiFePO4 ko LFP a jikinsa. Shi da ƙarfe da fosfet ake haɗa shi, babu ma'adinin kobal da ake sakawa a batirin waya a ciki, ya fi jure zafi, kuma bai cika kamawa da wuta ba kamar irin na waya. Batirin ruwa ba a so a zuƙe shi ya wuce rabi, in ba haka ba ya mutu da wuri. LFP kuwa ana cin kashi 80 cikin 100 nasa ko fiye, a sake cika shi sau dubbai. Ka tabbata yana da na'urar da ake kira BMS, wadda ke yanke wuta idan caji ya yi yawa ko zafi ya tashi. Ka kuma yi hattara da mai arhar da ta wuce hankali: ana tsinto ƙwayoyin tsofaffin batiran laftof a haɗa su a sabon kwali. Irin wannan haɗin ya cika kasuwar fawa-bank ma.

Tambaya: Ya aka yi sababbin wayoyi ke zuwa da batir 6000 ko 7000 mAh (ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka), amma ba su yi kauri ba?

Amsa: Tun da Sony ya fara sayar da batirin litiyam a 1991, sinadarin kabon ne ke riƙe cajin a gefe ɗaya. Yanzu kamfanonin China irin su Honor da Xiaomi suna cakuɗa shi da silikon, wanda ke ɗaukar litiyam kusan ninki goma na abin da kabon ke ɗauka. Matsalarsa ita ce yana kumbura sosai idan ya cika, don haka kaɗan ake sakawa. Akwai kuma batirin da babu ruwan sinadari a cikinsa (solid-state), wanda Toyota ke cewa zai saka a mota wajen 2027 zuwa 2028. Wannan bai iso kasuwa ba tukuna, kada wani ya sayar maka da waya da sunansa.

Tambaya: Wani ɗalibi daga Keffi ya ce ana ta yabon batiran nan cewa ba sa gurɓata muhalli. Gaskiya ne?

Amsa: Ɗan'uwa, gaskiya ne ta wajen hayaƙi. Gidan da ya bar janareta ya koma sola ya huta da hayaƙin da kan kashe iyali guda a cikin barci. Amma kafin batir ya zo hannunka, an haƙa ƙasar wasu. Kusan kashi 70 cikin 100 na kobal ɗin duniya daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo yake fitowa, kuma wani sashe nasa mutane ne ke tono shi da hannu a ramuka marasa tsaro, har da ƙananan yara. A hamadar Atakama ta ƙasar Chile, ruwan gishiri ake jawowa daga ƙarƙashin ƙasa a shanya shi wata da watanni don a fitar da litiyam, mazauna yankin kuma sun daɗe suna kuka kan ruwa.

Kai ma ba sai ka yi nisa ba. A jiharku ta Nasarawa aka buɗe masana'antar sarrafa litiyam da jarin 'yan China a 2024, kuma an sha ba da rahoton yara suna aiki a ramukan da ba su da lasisi. Ba na adawa da haƙar ma'adinin, arziki ne da Allah Ya ba mu. Abin da nake so shi ne a san wa ke haƙa, a cike ramin bayan an gama, yaro kuma ya kasance a aji.

Namu rabon alhakin shi ne mataccen batir. Kada a jefa shi a bola, domin a nan ƙona shara muke yi, batir a cikin wuta kuwa fashewa yake. A liƙa salatif a kan bakin ƙarfensa, a ajiye shi a gwangwani mai yashi, sannan a tambayi mai gyaran waya ko mai sayar da kayan sola ko suna karɓar tsofaffi.