Hukuncin haɗa motoci da yawa, har da tsofaffin ajiya, a inshora ɗaya

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni ɗan kasuwa ne a Bauchi. Ina da motoci 5: wadda nake hawa, da ta uwargida da ake kai yara makaranta, da Hilux mai kai kaya Gombe da Azare, sai tsofaffi 2, Fijo 504 ta marigayi mahaifinmu da wata Marsandi ta shekarun 1980 da na saya na gyara. Waɗannan biyun a rufe suke a gareji. Marsandin sai da salla ko ɗaurin aure ake fito da ita, Fijon kuwa ta daɗe ba ta taka titi ba. Wani dillalin inshora ya ce in haɗa su duka a takarda ɗaya, cikakkiyar inshora, za a yi mini ragi. Tsofaffin kuma za mu tsayar da kuɗinsu tun yanzu, in aka yi gobara ko sata a biya ni wannan adadin. Ya ce tunda gwamnati ta wajabta inshora babu laifi, kuma akwai manyan malamai da suka halatta. Mene ne hukunci?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Alhaji, Allah ya sa wa dukiya albarka, ya jiƙan mahaifi.

Haɗa motoci 5 a takarda ɗaya ba laifi ba ne a karan kansa, ragin da ake yi saboda yawa ma halal ne. Abin da ya juya hukuncin shi ne motocin nan biyu da ke rufe, da kuma irin inshorar da aka ce ka yi musu.

Dillalin ya gaya maka gaskiya, amma rabinta. Dokar inshorar mota a Najeriya ta faro tun 1945, kuma abin da ake tilasta wa mai mota ƙayyadadde ne: kada ya hau titi sai da inshorar da za ta biya wanda ya yi wa ɓarna. A Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta mayar da kuɗin wannan inshorar naira 15,000 a shekara ga motar gida, ana biyan ɓarnar dukiya har naira miliyan 3, motar kaya kuma tana da nata farashin. Iyakar dolen ke nan. Babu dokar da ta ce ka yi wa jikin motarka inshorar gobara ko sata, babu kuma wadda ta bi Fijon da ke kulle a gareji ta ce sai ta yi takarda. Abin da aka tilasta maka, ka biya, zunubi ba ya kanka. Amma lalura ana auna ta ne da gwargwadonta. Motoci uku na kullum suna cikin lalurar gwargwadon inshorar dole. Marsandin, muddin za ta riƙa fita, ita ma ta shiga, ko da sau biyu ne a shekara. Fijon ba ta shiga ba sam. Cikakkiyar inshora kuwa, a kan kowacce daga cikin biyar ɗin, zaɓinka ne, ba wanda ya matsa maka.

To me ka zaɓa? Inshorar kamfanonin kasuwa ciniki ne na kuɗi da kuɗi a kan abin da ba a san zai auku ba. Hadisin hana cinikin garari, wato cinikin da ba a san yadda ƙarshensa zai kasance ba, sananne ne, ba sai na tsaya a kansa ba. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, ƙungiyar Musulmin duniya da ke Makka, ta haramta wannan inshorar a 1398 bayan hijira, majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta bi bayanta a Jidda a 1985, kuma dukansu sun halatta ta taimakekeniya. Sanannen ra'ayi a mazhabarmu ta Malikiyya kuma shi ne, ciniki ɗaya in ya tattara halal da haram, kuma an san da haram ɗin, gaba ɗayansa yake ɓaci. Don haka zuba abin da aka tilasta maka cikin takarda ɗaya da abin da ka zaɓa ba ya wanke na zaɓin. Uzurin da kake da shi a kan naira 15,000 ba zai miƙe ya rufe dubban ɗaruruwan da za ka biya don son ranka ba.

Za ka iya cewa, ai an tsayar da kuɗin tsofaffin tun farko, jahilci ya tafi. Jahilci uku ne a wannan ciniki: ko abin zai faru, da yaushe zai faru, da nawa za a biya. Tsayar da ƙima na ukun kawai ya taɓa. Mu ƙaddara an yi wa Marsandin kuɗi naira miliyan 8. Ƙa'idar NAICOM ta 2023 ta ce kuɗin cikakkiyar inshora ba zai gaza kashi 5 cikin 100 na ƙimar mota ba, wato naira 400,000 a shekara. In ka shekara 10 ba abin da ya same ta, miliyan 4 sun tafi ba ka karɓi komai ba. In ta ƙone a wata na biyu, ka ba da 400,000 ka karɓi miliyan 8. A tsohuwar mota ma abin ya fi fitowa fili, domin sau da yawa ba a samun kayan gyaranta sai an sha wuya, ƙarshenta kuɗi za a miƙa maka. Kuɗi kaɗan yau, kuɗi mai yawa gobe, ko babu: ga garari, ga riba, wato kuɗin ruwa.

Sai maganar manyan malamai. Dillalin bai yi ƙarya ba, kuma ba na so ka raina wanda ake nufi. Mafi shahara a cikinsu shi ne Shaihu Musɗafa Zarƙa, mutumin Halab a ƙasar Siriya, wanda ya rasu a 1999, Allah ya jiƙansa. Ya kare halaccin inshora a taron makon fiƙihu na Dimashƙa a 1961, kuma shi ne ya saɓa wa sauran malamai a zaman Makka. Faƙihi ne na gaske. Amma hujjojinsa za mu duba, ba girmansa ba.

Babbar hujjarsa ita ce, wai abin da mai inshora yake saye ba kuɗin diyya ba ne, kwanciyar hankali ce, kuma wannan yana samun ta nan take, haɗari ya auku ko bai auku ba, kamar wanda ya ɗauki maigadi. Ina roƙonka ka tsaya a nan, domin wannan ce hujjar da ta fi shiga zuciya. Maigadi aiki yake sayar maka: ya kwana a ƙofa, ya zagaya, ya hana ido barci, awanni sanannu da lada sananne. Kwanciyar hankalinka sakamakon aikinsa ce, ba ita ce hajar ba. Kamfanin inshora kuwa ba ya gadin garejinka, ba ya duba wayar wutar da ke cikinsa, ba ya rage yiwuwar gobara ko da ƙwayar zarra. Abin da ya ɗauka wa kansa a rubuce kuɗi ne, in kaza ta faru. Ka karanta takardar, ba za ka ga inda aka yi alkawarin natsuwa ba, za ka ga adadi da sharuɗɗa. Shari'a tana hukunta ciniki da abin da aka ƙulla a kansa, ba da abin da ya sa mutum ya shige shi ba.

Hujja ta biyu: wai kamfani ba ya cikin duhu, tunda yana da dubban mutane, lissafi ya nuna masa kusan nawa zai biya a shekara. Haka ne. Amma gidan caca ma ya san lissafinsa, ba ya faɗuwa a jimla, wannan kuma bai halatta wa wanda ya shiga ba. Ciniki tsakanin mutum biyu ake ƙulla shi, kai da kamfani. In kamfani ya fita daga garari da yawan jama'arsa, kai da Marsandinka ɗaya kuna ciki tsundum.

Ta uku ita ce kwatanta inshora da aƙila, wato dangin da ke haɗa diyyar kisan kuskure. Aƙila shari'a ce ta ɗora musu, zumunci ne ya haɗa su, kuma ba wanda yake cin riba daga abin da ya rage. Da za a ce wani daga cikin dangi ya karɓi kuɗin kowa duk shekara, in ba a yi kisa ba ya riƙe ya zama nasa, da ba wanda zai kira wannan aƙila. Haka kwatancen da ake yi da fanshon ma'aikata: hukuma ce ke kula da wanda ya yi mata hidima, ba kasuwanci take yi da tsufansa ba. Kwatancen duk suna nuna kyawun taimakekeniya, kuma ba mu yi musun wannan ba. Abin da ba su nuna ba shi ne halaccin mai da ita haja.

Saura hujjar buƙata, cewa zamani ya canza, mutane ba su da makawa. Da wannan tana da ƙarfi a 1961, lokacin da babu wata hanya. An kafa kamfanin inshorar Musulunci na farko a Sudan a 1979. A nan gida NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful, wato inshorar Musulunci ta taimakekeniya, a 2013, kuma akwai kamfanoni masu lasisi irin su Noor Takaful da Jaiz Takaful. A takaful kuɗin da ka zuba gudummawa ce a asusun mahalarta, kamfani wakili ne da ke karɓar ladan gudanarwa, rarar da ta rage ta mahalarta ce, in asusu ya gaza kamfani ya ranta masa ba ruwa. Jahilcin yana nan, amma ya koma cikin kyauta, kuma Imamu Malik ya sauƙaƙa garari a kyauta abin da bai sauƙaƙa a ciniki ba. Annabi (SAW) ya yabi Ash'ariyawa, ƙabilar sahabi Abu Musa, da suke tara ɗan abincinsu a mayafi ɗaya su raba daidai idan ya yi ƙaranci.

Saboda haka ka nemi takaful, ka kai musu duka biyar ɗin, har inshorar dolen ma a wurinsu ya kamata ka yi tunda akwai hali. Kada suna ya ishe ka. Ka tambaye su ko asusun mahalarta a ware yake da na masu kamfani, nawa ne ladansu, yaya ake raba rara, su wane ne malaman da ke sa musu ido. In suka ce ba za su karɓi tsofaffin ba, ka bar su ba inshora, ka kashe kuɗin a abin da zai kare su da gaske: a gyara wayar wutar gareji, a cire batir, a zuƙe mai daga tankin wadda ba ta fita, a sa tukunyar kashe gobara, a ɗaga daɓen saboda ruwan Agusta.

Ko a takaful, ka ji tsoron Allah wajen ƙima. Tsohuwar mota ba ta da farashi tsayayye, kuma ƙaunar da kake yi wa motar mahaifi ba ta shiga lissafi. In ka sa aka rubuta miliyan 8 a kan abin da masana za su ce miliyan 3 ne, ranar biya dukiyar 'yan'uwanka mahalarta za ka ci. Haka kada a rubuta Hilux motar gida alhali kaya take ɗauka, don a rage kuɗi. Wannan ha'inci ne ko da wa aka yi shi.

Ka ce Fijon ta “mahaifinmu” ce. An raba gado? In ba a raba ba, ba taka ba ce kai kaɗai, kuma zamanta a garejinka shekara da shekaru bai mallaka maka ita ba. Irin wannan ne ake yawan yin shiru a kai, musamman haƙƙin mata, a ce ai tsohuwar mota ce, wa zai damu. A yi mata ƙima, ka biya kowa rabonsa, ko su yafe maka da bakinsu ba da kunya ba.

Zakka: motar hawa da ta ajiya don sha'awa babu zakka a kansu. Amma in tun ranar da ka sayi Marsandin niyyarka ita ce ka jira ta yi tsada ka sayar, ta zama hajar kasuwanci, kuma a mazhabarmu mai jiran kasuwa irin wannan yana fitar da zakkar shekara ɗaya ranar da ya sayar. Kai ka san niyyarka. Kuma ka riƙa tambayar kanka, abin da kake kashewa a kan mota da ke rufe, ya ya yake in an ɗora shi kusa da abin da kake kai wa mabuƙatan danginku.

Takardun inshora na bogi sun yi yawa a wuraren sabunta takardun mota, a karɓi kuɗi a ba ka takarda da ba kamfanin da ya san da ita. Ka sa a duba lambar kowace mota a rumbun bayanan inshora na ƙasa, NIID, domin takardar bogi tana nufin ranar da direbanka ya buge wani, ba mai biyansa. Wanda aka yi wa ɓarna halal ne ya karɓi haƙƙinsa daga kowane kamfani ya fito. Amma ka gaya wa direban Hilux, kai ma ka riƙe: inshora kuɗi take biya, ba ta ɗauke kaffara. Wanda ya yi sanadin rai da ganganci a tuƙi ko sakaci, azumin wata biyu a jere yana kansa. Kai kuma in ka san birki ko taya sun lalace ka tura shi hanyar Alkaleri da kaya, ba ka fita daga alhaki ba.

Wallahu a'alam.