Ƙari a gaban kunne: ana iya cire shi ba tare da babban yanka ba?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Na daɗe da wani ƙullutu a gaban kunnena na dama, ba ya ciwo, amma yana girma a hankali. An yi mini ekogirafi, wato hoton na'ura mai duba cikin jiki, an zuƙi ɗan abin da ke cikinsa da allura, aka ce ƙari ne wanda ba daji ba, amma sai an yi fiɗa. Tsorona tabo da karkacewar baki. Shin akwai aikin da ba ya buƙatar babban yanka? Daga wata mai karatu, unguwar Birni, Damagaram.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Akwai shi, sai dai ba kowane ƙari ya dace da shi ba. Wurin da naki ya fito shi ne babbar tsokar da ke samar da yawu, wadda ke kumbura idan yaro ya yi hangum, kuma kusan kashi 80 cikin 100 na ƙarin da ke fitowa a nan ba daji ba ne.

Tsoronki yana da tushe, domin jijiyar da ke motsa fuska ta ratsa ta cikin wannan tsoka, inda ta rabu zuwa rassa 5 masu kula da rufe ido, ɗaga gira da motsin leɓe. A aikin da aka saba, likita yakan nemo tushen jijiyar, ya bi rassanta, ya cire ɓangaren tsokar da ke bisanta. A ƙaramin aikin kuwa, ana ɓoye yankan a lanƙwasar kunne ko a bayansa, a cire ƙarin da kumsarsa, wato siririyar fatar da ta lulluɓe shi, haɗe da ɗan lafiyayyen nama, a bar sauran. Wannan yana rage raunin fuska na wucin gadi, da gumin kunci da wasu ke yi lokacin cin abinci bayan fiɗa. Sharaɗinsa shi ne ƙarin ya zama ƙarami, yana motsi a ƙarƙashin fata, bai nutsa ciki ba.

Abin da nake gudu shi ne a fasa kumsar, domin ƙarin yakan dawo bayan shekaru a wurare da dama, kuma aiki na biyu ya fi haɗari ga jijiyar. Don haka kada ki yarda a yi masa sakiya ko tsaga. Jinkiri ma ba alheri ba ne, tunda irin da ya fi yawa yana iya rikiɗa ya zama daji idan ya daɗe sosai. Ki kai sakamakonki ga likitan kunne, hanci da maƙogwaro a Babban Asibitin Ƙasa na Damagaram, ki tambaye shi girman ƙarin, zurfinsa, da hanyar da hannunsa ya fi sabawa da ita.