Cire ƙusoshin, ka bar Qt ya yi awo

Ɗana, na ga hoton da ka turo min jiya da daddare. Ka ce akwatin shigar da sabon kwastoma na manhajar da ka rubuta da Qt, wato kayan aikin gina fuskar manhaja, ya fito tsaf a kwamfutarka, amma da ka kai wa mai shagon magani sai "Lambar wayar kwastoma" ta koma "Lambar wa", maɓallin Ajiye kuma ya hau kan na Soke. Kana tambaya ko ka ƙara wa kowanne fiksel 20 ka huta.

Kar ka ƙara. Na buɗe fayil ɗinka, na ƙirga setGeometry, umarnin da ke kafa wa abu wuri da girma, har sau 14, nan ciwon yake. Kowane abu ka kafa masa ƙusa: nan za ka zauna, faɗinka 120, tsayinka 25. Da haruffan Ubuntu ɗinka ka yi wannan awon. Shi mai shago Windows yake amfani da ita, haruffanta Segoe UI ne, ga shi dattijo, ya ƙara girman rubutu don idonsa. Ka ɗinka riga da awon jikinka ka miƙa wa wani. In ka ƙara 20 yau, gobe wata kwamfutar ta nemi 40.

A Qt kowane lakabi da maɓalli da gurbin rubutu ya san girman da yake bukata, yana kuma faɗa ta sizeHint, gwargwadon harafin kwamfutar da yake kai, lakabi da maɓalli kuma har da rubutun da ke jikinsu. Aikin mai jera kaya, wato layout na Qt, shi ne ya tambaye su ɗaya bayan ɗaya ya raba musu fili. Naka aikin kawai ka gaya masa wa ke gefen wa, wa ke ƙarƙashin wa.

Akwati irin naka, lakabi a gefe gurbi a gefe, QFormLayout aka yi dominsa. Ka kira addRow ka ba shi rubutun lakabin da gurbin, layi bayan layi: suna, lambar waya, unguwa. Zai duba lakabi mafi tsawo ya daidaita sauran da shi, ya kuma ɗaure kowane lakabi da gurbinsa ba sai ka ce ba.

Maɓallan ƙasa su ne na fi so ka kula da su. Kada ka jera su da hannu, ko da a cikin QHBoxLayout ne, mai jera kaya gefe da gefe. Ka sa QDialogButtonBox, wanda yake nan tun Qt 4.2. A Windows maɓallin amincewa ne ke zuwa kafin na fasawa, a macOS da GNOME na Linux kuwa na amincewa ne ke ƙarshe ta dama. Hannun mutum ya saba da inda yake samunsu, ba ya tsayawa karatu. Na taɓa juya su a wata manhajar da na yi wa wani ofishi, magatakarda ya cika fom guda ya danna inda ya saba, komai ya goge. Har yau ina tuna yadda ya dube ni. QDialogButtonBox ya san tsarin kowace kwamfuta. Kai dai ka sauya rubutun zuwa Ajiye da Soke da setText, ka haɗa siginar accepted da accept na akwatin, rejected kuma da reject. Sannan ka zuba fom ɗin da maɓallan a QVBoxLayout guda, mai jera kaya daga sama zuwa ƙasa, shi ke nan.

Akwai wata riba da ba ka hango ba. Ran da wani a Chadi ko Sudan ya nemi manhajar da Larabci, ko aka so ta da ajami, rubutu daga dama zai fara. Mai jera kaya zai juya akwatin gaba ɗaya da kansa, lakabi ya koma dama. Abin da ka kafa da setGeometry kuwa ko motsi ba zai yi ba.

Sai maganar Tab. Yaron shago da layi a gabansa ba ya taɓa linzami, yatsansa na kan Tab da Enter. Qt yana bin jerin yadda ka ƙirƙiri gurabun ne, kai kuma ka ƙirƙiri unguwa kafin lambar waya, shi ya sa yake tsallake. Ka gyara jerin, ko ka yi amfani da setTabOrder. Ka tabbatar Enter a kan Ajiye yake faɗawa.

In ka gama, gwada shi kafin ka koma shagon. Ja gefen akwatin ka faɗaɗa shi, ka matse shi iya matsewa. Mai da girman harafi 16 ka ga ko wani abu ya yanke. Sannan ka kunna manhajar da -reverse, ka ga yadda za ta kasance daga dama zuwa hagu. Gobe bayan La'asar ka zo da kwamfutar mu duba tare.