Tambaya da Amsa: Fim ɗin yaƙin da ya raba kan majalisarmu a Samaru

TAMBAYA: Assalamu alaikum malam, barka da ƙoƙari. Ni ɗalibi ne a ABU, a Samaru nake zaune. Ranar Asabar muka haɗu mu wajen takwas a ɗakin wani abokinmu muka kalli The Thin Red Line, saboda mun ga sunayen manyan jarumai a jiki muka ce yau akwai ɓarin wuta. Wallahi kafin a yi awa ɗaya mutum uku sun tashi, ɗaya ya yi barci, wani kuma cewa ya yi mai tura fim ya cuce mu da fim ɗin tsuntsaye da ciyawa. Ni kuwa ban san me ya same ni ba, har yau fim ɗin na raina. Yanzu kullum musu muke a majalisa, suna ce min ƙaryar boko ce kawai nake yi. Don Allah wa ke da gaskiya, kuma me mai fim ɗin ke nufi?

AMSA: Wa alaikassalam ƙanena. Ba ƙaryar boko kake ba, amma su ma abokan naka kar ka ga laifinsu sosai, don wannan rabuwar kan tun fitowar fim ɗin a ƙarshen 1998 ake yinta, a Amurka ma haka aka yi. A shekarar ne wani fim ɗin yaƙi mai ɓarin wuta, Saving Private Ryan na Steven Spielberg, ya fito, mutane suka shiga sinima da tunanin irin wancan za su sake gani, sai suka tarar da fim na kusan awa uku da aka buɗe shi da kada tana sulalewa cikin ruwa.

Mu nan ka san yadda muka taso da kallo. Tambayar farko idan an kunna fim ita ce wane ne jarumin, ta biyu kuma wane ne bos, in an gane waɗannan biyun sai a gyara zama. To Terrence Malick da ya ba da umarnin fim ɗin ya hana mu duka biyun. Shi mutum ne da ya karanta falsafa a Harvard, kuma shekara 20 ya yi bai fitar da fim ba tun 1978, shi ya sa da ya dawo manyan jarumai suka yi ta rububin shiga, shi kuma bai damu da girman sunan kowa ba. John Travolta ya ɗan leƙo a farko ya ɓace, George Clooney sai can dab da ƙarshe za ka gan shi na ɗan lokaci, Adrien Brody kuwa da ya ɗauka yana cikin masu jan fim ɗin, da aka gama yanke-yanke ɗan abin da ya rage masa kaɗan ne. Wanda ya zauna don ganin Clooney dole ransa ya ɓaci, wannan ba musu.

Labarin an ciro shi ne daga littafin James Jones na 1962, marubucin shi kansa soja ne da ya yi yaƙi a tsibirin Guadalcanal cikin tsibiran Solomon, inda Amurka da Japan suka gwabza daga Agustan 1942 zuwa Fabrairun 1943 a yaƙin duniya na biyu. Kuma fa a daina cewa babu yaƙi a ciki, akwai shi, hawan tudun nan da suka yi cikin doguwar ciyawa harsashi na zuwa daga inda ba a ganin mai harbi, ni dai ban taɓa ganin tsoro a fuskar soja a fim kamar wurin ba.

Wajen da nake so ka mayar da abokanka su sake kallo shi ne inda Kanar Tall, wato Nick Nolte, yake ta ihu a waya yana umartar Kyaftin Staros ya tura yaransa su hau tudun gaba da gaba, shi kuma Staros ya ce ba zai yi ba don ya san mutuwa kawai zai aika su. Kanar ɗin ba mahaukaci ba ne, mutum ne da ya daɗe a aiki ana tsallake shi wajen ƙarin girma, yana ganin wannan yaƙin ne damarsa ta ƙarshe, kuma da jinin 'ya'yan mutane zai saye ta. Daga baya an ci tudun, shi kuma Staros aka sauke shi daga muƙaminsa. Nan ne fim ɗin yake, ƙanena. In ana neman bos to ga shi nan cikin kaki irin nasu, a cikin zuciyar mutum yake, kuma da aka kai ga sojojin Japan ɗin sai ka ga yara ne ramammu masu yunwa, wasu na kuka wasu na addu'a.

Tsuntsaye da ciyawar da abokinka ya raina kuwa, su ne tambayar da Malick ke yi. Halittar Allah ga ta nan da kyanta, iska na kaɗa ciyawa, rana na fitowa, mutum kuma na kwance a cikinta hanjinsa a waje, to daga ina wannan muguntar ta shigo? Muryoyin da kake ji suna magana ƙasa-ƙasa tunanin zuci ne na sojojin, kuma gaskiya a nan ina tare da masu ƙorafi, wani lokacin ba ka ma gane muryar wa kake ji, kuma akwai wuraren da aka ja da yawa. Amma musun Witt, wanda Jim Caviezel ya fito a matsayinsa, da Saje Welsh na Sean Penn, ɗaya ya yarda akwai wani haske bayan wannan duniyar ɗaya kuma ya ce babu komai sai ita, wannan ai ba baƙon zance ba ne a wurin wanda ya taso a Zazzau yana jin karatun malamai a zaure.

Abin da ya sa ni fim ɗin ya taɓa ni, mu a garin nan yaƙin ba labarin nesa ba ne. Kakanninmu sun je Boma, wato ƙasar Myanmar ta yau, sun yaƙi sojojin Japan ɗin nan a daji, ƙarƙashin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, sunan barikin Chindit da ke nan Zariya ma daga can ya samo asali. Ina yaro akwai wani dattijo ɗan Boma a unguwarmu a Tudun Wada, mu yara mu yi ta roƙonsa ya ba mu labarin harbi, shi kuma sai ya ba mu labarin ruwan sama da sauro da wani abokinsa da bai dawo ba, daga nan ya yi shiru ya daɗe yana kallon ƙasa. A lokacin haushi muke ji. Sai da na kalli fim ɗin nan na gane shirun nasa.

An zaɓi fim ɗin a rukuni 7 na kyautar Oscar bai ci ko ɗaya ba, amma ya ɗauki babbar kyautar bikin fina-finai na Berlin a 1999, ka ga alƙalan ma kansu ba a haɗe yake ba. In za ku sake kallo kar ku taru ku takwas ana hira ana danna waya, ku zauna ku biyu ko uku bayan Isha, ku nemi mai rubutu a ƙasa don maganar tasu a hankali take fita. In kun gama ka rubuto min abin da wanda ya yi barcin nan ya ce game da Staros.