Kafin Ka Yarda da Mita, Shiga Ƙarƙashin Motar Dawakin

Ka tambaye ni, ɗana, idan aka kawo maka motoci biyu na hannu masu ɗaukar dawaki ka duba wa mai saye, ɗaya mitarta na nuna kilomita 80,000, ɗayar kuma 260,000, wacce za ka ce ya ɗauka. To, da wannan lambar kaɗai kada ka buɗe baki tukuna. Mita labarin inji da giya take bayarwa, shi ma rabi-rabi. Abin da ke karya ƙafar doki yana can baya, a ƙarƙashin robar da yake tsaye a kai.

Fara da sanin tarihin irin wannan mota. Yawancinsu ba don dawaki aka ƙera su ba tun farko. Motar kaya ce, irin su Renault Master a ƙananan masu tan 3.5, ko DAF LF da Iveco Eurocargo a manyan masu tan 7.5, ta yi shekaru tana jigila, sannan aka cire bodinta aka ɗora akwatin dawaki. Ke nan shekaru biyu za ka tambaya: shekarar da aka ƙera shasi, wato ƙashin ƙarfen da ke ɗauke da motar, da shekarar da aka ɗora akwatin. Kilomita mai yawa da aka ci a babbar hanya, inji da zafinsa, ana juye baƙin mai a kan lokaci, bai cika cutar da injin dizal ba. Zama shi ne ciwon motar dawaki. Sai ta yi wata biyu a ajiye, a fita da ita tafiyar rabin awa, a dawo a sake ajiyewa. A wannan zaman birki ke kamewa, robobin da ke tare mai su bushe su fara yoyo, ruwa ya taru a tankin mai, batir ya mutu, taya ta tsattsage alhali zanenta na nan kamar sabuwa. Idan motar na da matatar hayaƙi a salansa, gajerun tafiye-tafiye na toshe ta, don ba ta samun zafin da za ta ƙone baƙin da ta tara.

Sannan ita kanta lambar, a tabbatar gaskiya ce. Karɓi takardun sabis ka jera su bisa kwanan wata, ka ga ko kilomita na hawa a hankali, ko akwai inda ya koma baya, ko wasu shekaru suka ɓace babu takarda. Dubi robar da ke kan abin taka kuloci da ta birki, sitiyari, kan giya, da gefen kujerar direba inda ake zamewa wajen sauka. Motar da aka ce ta yi 80,000 amma robar kulocinta ta cinye har ƙarfe ya leƙo, akwai magana. Sabuwar roba fil a tsohuwar mota ma abin tambaya ce. Jona na'urar duba kwamfutar mota, domin a motoci da yawa akwai kilomita ko awannin aikin inji da aka adana a wani wuri dabam da fuskar mita. In ka samu awannin, raba kilomita da su. Kilomita 60,000 a awa 4,000 na nufin kilomita 15 a awa ɗaya, wato injin ya sha aiki a tsaye, kuma ya tsufa fiye da yadda mita ta nuna. Idan injin mai taimin bel ne, wato bel ɗin robar da ke daidaita motsin cikin inji, tambayi ranar da aka canza shi, don shekaru na cin bel ko da motar ba ta motsa ba.

Ka ce a bar maka injin da sanyinsa. Taɓa shi da hannu kafin a tayar, in ka ji ɗumi, an riga ka. Shuɗin hayaƙi baƙin mai ne yake ƙonewa. Fari mai kauri da ya ƙi ɗaukewa bayan inji ya yi zafi, ko ruwa ne ke shiga ta gasket, wato abin da ke toshe mahaɗar kan inji, ko nozul mai fesa mai ce ta lalace. Buɗe murfin baƙin mai ka duba ko akwai farin kumfa mai kama da kirim. Ɗan kaɗan na iya zama raɓar gajerun tafiya, amma in ya haɗu da raguwar ruwan lagireto, ka ɗauke shi da muhimmanci.

Yanzu ga inda nake so ka fi daɗewa. Ɗauki tocila da dogon sukudireba ka shiga wurin dawakin. Ɗaga robar daɓen gaba ɗaya, ba kusurwa ɗaya ba. Fitsarin doki na bi ta gefen roba da ramukan noti ya kwanta a ƙasa, inda iska ba ta shiga, ya yi ta cin daɓen shekara da shekaru. Wuraren da suka fi ruɓewa su ne inda ƙafafun doki na baya ke tsayawa, bakin bango, kusurwoyi, da bakin ƙofar hawa. Idan daɓen katako ne, danna sukudireba da ƙarfinka. Katako mai lafiya zai ƙi, ruɓaɓɓe kuwa zai karɓa kamar soso, ko ka ga ya yi baƙi yana ɓarewa falle-falle. Idan alminiyam ne, kada ka ce ai shi ba ya ruɓewa. Nemi farin gari da ƙananan ramuka, musamman inda ya haɗu da ƙarfen shasi ko ƙusoshin ƙarfe, domin ƙarfe biyu mabambanta in suka haɗu da danshi, alminiyam ne ke cinyewa. Wani lokaci robar a manne take da gam, ba ta ɗaguwa. To sai ka taka ko'ina da dugadugi kana neman inda ke lotsawa, ka ƙwanƙwasa da ƙaramar guduma kana sauraron inda sauti ya mutu.

Daga nan ka kwanta a ƙasa ka duba daɓen ta ciki. Can za ka ga ƙarafan da ke gicciye suna riƙe da shi, da waɗanda suka fito gefe suna ɗauke da bango, da inda aka ɗaure akwatin a kan shasi, da mariƙan sifirin. Tsatsar sama da ake gogewa ta fita ba komai ba ce. Wadda ta kumbura tana fita ɓawo-ɓawo, guduma na shiga, ita ce ta cinye ƙarfe. Ka yi hattara da baƙin fenti mai kauri da aka fesa kwanan nan a ƙarƙashin tsohuwar mota, da sabon falle da aka shimfiɗa a kan tsohon daɓe. Wannan na biyun ya fi ba ni tsoro, don ruɓa na ci gaba a ɓoye, ga ƙarin nauyi. Ka tuna dokin da ya kai kilo 550, idan aka taka birki ko aka sha kwana, yakan jibge yawancin nauyinsa a kan kofato ɗaya, wurin da bai wuce tafin hannunka ba. In daɓen ya ɓurma motar na gudu, direba ba zai sani ba sai aikin gama ya gama.

Ƙofar hawa ma daɓe ce, don haka gwajinsu ɗaya. Sauke ta ka ɗaga ta da kanka, ba mai taya ka. In ta yi maka nauyi fiye da kima, ko sifirin ya gaji, ko katakon cikinta ya sha ruwa. Duba hinji da waldarsa, nan ruwa da kashi ke taruwa. Tsaya a tsakiyarta ka yi tsalle, kada ta lanƙwasa. Girgiza shingen da ke raba dawaki, sakatunsa su shiga su fita ba tare da duka ba, kuma sandar da ke gaban ƙirjin doki ta zama wadda za a iya kwancewa in ya haye ta ya maƙale. A ƙananan motoci, ƙwanƙwasa bangon da ke tsakanin doki da direba ka tambayi abin da ke cikinsa. Dole ya zama mai ƙarafa a ciki, falle kaɗai ba zai tare doki ba ranar birkin gaggawa. Shafa hannunka a bango ko akwai kaifi ko noti da ya fito. Ɗaga kai ka nemi tabon ruwa a rufi, ka buɗe tagogi da mashigar iska ka ga suna aiki.

Sai nauyi, wanda masu saye suka fi mantawa da shi. A jikin motar akwai farantin da aka rubuta iyakar nauyin da aka yarda ta kai da kayanta. Kada ka karɓi nauyinta babu kaya daga bakin mai sayarwa, a kai ta babban sikeli a auna, a ba ka takarda. A ce iyakarta kilo 3,500, sikeli ya nuna 2,600 da cikakken tanki. Saura 900. Cire doki 550, mutum biyu 150, ruwa lita 40 wato kilo 40, sirdi da ciyawa da sauran tarkace 60. Abin da ya rage kilo 100 ne. Motar na da gurbin dawaki biyu, amma ɗaya take iya ɗauka. Lodin da ya wuce kima na tsawaita tazarar birki, yana zafafa taya, ga matsala da hukuma da kamfanin inshora. Kowane gado, kabad ko tankin ruwa da aka ƙara a ɗakin zaman mutane, daga rabon doki aka cire shi.

A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT. 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Tayar da ta haura shekara shida ina sa ta a lissafin canji, wadda ta kai goma kuwa ba na yarda a ɗora mata doki, komai kyan zanenta. In tayoyin baya biyu-biyu ne, leƙa ta cikin, ita ake bari ta tsufa. A manyan motoci masu birkin iska, jira iska ta cika, kashe inji, taka birki ka riƙe, ka kasa kunne ko akwai tsiyaya, ka ga ko allurar ma'aunin iska na sauka. Ja zoben da ke ƙasan tankin iska. Ruwa mai yawa ko baƙin mai ya fito, akwai gyara a gaba.

Tuƙa ta aƙalla minti 30, har da hawa tudu da babbar hanya. Saurari kuloci ko yana zamewa a babbar giya, ka ji ko tana ja gefe ɗaya in ka taka birki. In kun tsaya, kai bayan hannunka kusa da kowace ƙafar motar ba tare da ka taɓa ba. Wadda ta fi sauran zafi, birkinta ne ya kame ko boris ya ci.

Wajen faɗa wa mai saye, raba abin da ka gani gida biyu. Taya, batir, bel, birki da sifirin ƙofa kayan ciniki ne, a ƙiyasta kuɗinsu a rage daga farashi. Shasin da tsatsa ta huda, bangon direba marar ƙarfe, da nauyin da bai isa dokinsa ba, waɗannan ka ce masa ya haƙura da motar. Ruɓaɓɓen daɓe ana canza shi, amma kada ka yanke masa kuɗi sai an ɓare an ga ƙarafan da ke ƙarƙashi, kuma kada doki ya hau, ko na gwaji ne, kafin a gama aikin.