Laburaren yana aiki a waya, ya ƙi a laftof

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ina haɗa wa 'yan gwarin kasuwar Mile 12 manhajar Android ta lissafin ciniki da bashi. Ɓangaren lissafin da C++ na rubuta shi, sauran da Kotlin. A waya lafiya lau, amma da na kunna gwaje-gwajen da ke gudanar da kansu a laftof sai ta watso mini saƙon kuskure na UnsatisfiedLinkError. Ina matsalar take?
Mai karatu daga Agege

AMSA: Ƙanena, ba a rubutunka laifin yake ba. Fayil ɗin .so, wato laburaren C++ ɗinka, da NDK (kayan aikin gina C++ don Android) ya gina maka na waya ne: don furosesar ARM aka yi shi, kuma da Bionic, laburaren C na Android, yake jingina. Gwajin da ke jakar src/test kuwa a kan Java ta laftof yake gudana, inda galibi Intel ce ko AMD. Dizal ne ka zuba wa janareton fetur.

Sau biyu za ka gina shi. Da CMakeLists.txt ɗin nan naka, kira CMake, manhajar da ke tsara ginin C++, ba tare da NDK ba, ya fitar maka da na kwamfuta. Duk inda ka taɓa android/log.h, killace shi da #ifdef __ANDROID__, in ba haka ba ginin zai tsaya. Ka lura da suna: System.loadLibrary("lissafi") yana neman liblissafi.so a Linux, liblissafi.dylib a Mac, lissafi.dll a Windows. Jakar da fayil ɗin yake, a Gradle, mai haɗa manhajar Android ɗinka, za ka ba java.library.path ita, tun kafin Java ta tashi. Sauya ta a tsakiyar gwaji ba abin dogaro ba ne. Sannan ka sa Gradle ya sake ginin kafin kowane gwaji, kada ka wuni kana gwada na jiya.

Ni dai da GoogleTest, kayan gwajin C++, zan gwada lissafin kansa, in bar wa Kotlin gwajin JNI kawai, wato mahaɗar da ke tsakaninta da C++.

Amma kada laftof ta ruɗe ka. Shiga Computer Village, kasuwar wayoyi ta Ikeja, ka samo 'yar tsohuwar waya mai bit 32, irin wadda take hannun yaran shago da yawa. A kanta long, nau'in lamba na C++, bayit 4 ne, iyakarsa 2,147,483,647, alhali a Linux mai bit 64 bayit 8 ne. In da kwabo kake ƙirga kuɗi, naira miliyan 21 da ɗoriya ke nan, kuma dillalin da ke sauke tirelolin albasa zai wuce haka ba da daɗewa ba. Gwajin laftof ya ce komai daidai, wayar Alhaji ta nuna shi ake bi bashi. Mayar da lambobin kuɗin int64_t, mai bayit 8 a ko'ina, ka ajiye gwaji ko biyu a androidTest su riƙa gudana a kan wayar.